Zaman bita ranar Asabar kan kalsiyam da thapsigargin

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Asabar ɗin nan bayan la'asar za mu haɗu a bakin masallacin jami'ar KNUST da ke Kumasi mu nemi aji mu zauna, don maganar thapsigargin, sinadarin nan da ke shafar kalsiyam cikin ƙwayar halitta, har yanzu tana rikita wasunmu, ga jarabawa ta ƙarato.

Dan Allah kowa ya riƙe wannan kafin ya zo. Kalsiyam ɗin da ke yawo cikin ƙwayar halitta kaɗan ne, wajen nanomola 100 (ma'aunin yawan sinadari a ruwa), na waje ya ninka shi kusan sau 10,000. Wani furotin mai aikin famfo, SERCA, ne ke kwashe na cikin yana zubawa a rumbu, wato ER, sashen da ke ajiye kalsiyam cikin ƙwayar. To thapsigargin wannan famfon yake toshewa, rumbu ya yi ta yoyo ba mai mayarwa, da kalsiyam ɗin rumbun ya yi ƙasa sai STIM1, furotin da ke lura da shi, ya je ya buɗe ƙofar Orai1 da ke jikin fatar ƙwayar, na waje ya kwararo ciki. Nan muke tuntuɓe wallahi, an ji thapsigargin mai hanawa ne sai a zaci kalsiyam ɗin da ke yawo cikin ƙwayar zai ragu, alhali hawa yake yi.

Kowa ya zana wannan da hannunsa ya taho da shi, da sidi 5 na fotokofi, ko a turo ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Mutanen Aboabo ku fito da wuri saboda cunkoson hanya. Allah ya ba mu sa'a, sai mun haɗu.