Jitarka ta daina tari

Jos,
Daren Lahadi.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya Kumasi, yaya baƙunta? Mu nan hunturu ya sauko da ƙarfinsa, sai hantsi ya dubi ludayi kafin yatsun mutum su miƙe.

Maganar jitar bes ɗin da ka bar mini amana ce ta sa na zauna rubutu. Watan jiya ta kunyata ni a gidan biki. Ana tsakiyar rawa na taɓa ɗan makunnin nan da ka sa mata na sauya murya, sai lasifika ta yi wani ƙarrr, kamar an yaga buhu. Wata gwaggon amarya har da toshe kunne. Mai gangarmu kuwa tun ranar yake tambayata ko jitar ta samu sauƙin tarin.

Na fara da wauta, ba zan ɓoye maka ba. Man nan da ake fesa wa ƙusa mai tsatsa na ɗirka mata. Kwana biyu ta yi shiru, ina ta yabon kaina, a na uku ƙarar ta dawo ta ninka, don maiƙon ya tattara ƙurar hunturu ya dama ta.

Sai na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen Taminus. Bai taɓa sukudireba ba sai da ya jona ta da amfilifaya ya kasa kunne. Ya ce, “Ɗana, ƙarar nan ba ɗaya ba ce. Wadda ke tashi sai ka murɗa ko ka danna, datti ne a inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Gunjin da ba ya yankewa kuwa, daban ne gidansu.” Ya sa ni na ɗora tafina a kan tsirkiyoyin. Gunjin bai ragu ba ko kaɗan, alhali in wayar da ke haɗe da tsirkiyoyin tana daidai ya kamata ya lafa. Ya gyaɗa kai kawai.

Mun buɗe murfin. Abin murɗa muryar nan, wanda su masu gyara kowane irinsa boliyum suke ce masa, an buga 250K a bayansa. A cikinsa akwai wata siririyar hanya ta baƙin kabon mai siffar kofaton doki, da ɗan harshen ƙarfe da ke bin ta. Ƙura na shiga tsakaninsu, harshen ya riƙa tsalle, tsallen nan ne kunne ke ji a lasifika. Baba ya fesa maganin wanke kayan lantarki, irin mai bushewa nan take, ta ɗan ramin da ke kusa da ƙafafu ukun, ya ce in murɗa gaba da baya sau talatin. Tun ina jin yashi a yatsana har ya koma sumul.

Makunnin ne ya ƙi. Ƙarafunansa sun yi baƙi, ya kuma saki, ba ya kamawa da ƙarfi. Muka cire muka sa sabo. Amma kwandensojinka biyu, 'yan ƙananan kayan nan masu tace sauti, suna nan, mai lamba 473 da mai 104, don Baba ya auna ya ce lafiyarsu ƙalau. Na biyun shi ya fi shanye kaifin sauti, shi ke ba da muryar nan mai kauri da kake so.

Yanzu bari in zo kanka. Wa ya koya maka liƙi? Dalmar da ka ɗiga a bayan boliyum ta dunƙule ta dushe kamar kashin akuya, Baba na taɓa wayar ta fita. Ya ce ƙarfen liƙinka bai yi zafi ba, ka narka dalmar ba ka gasa wurin ba. Nasa liƙin ya kwanta yana sheƙi. Yana cikin yi yake gaya mini wayar liƙin kashi 60 kuza ce, 40 dalma, ya ce abin kunya ne ɗan Jos, garin kuza, ya kasa liƙi. Na ce zan isar da saƙo.

Gunjin kuma a ƙarƙashin gadar tsirkiya yake, wato ƙarfen da tsirkiyoyin ke ɗore a kansa. Muka kwance ƙusoshinta, sai ga wayar da ya kamata ta taɓa ƙarfen ta nutse cikin fenti. Ya kankare, ya baza gashinta, ya mayar da gada. Da ya ɗora mitar awo tsakanin tsirkiya da bakin jona waya, sai ta yi kuka, alamar hanya ta haɗu.

Akwai ɗan gunjin da ya rage in na buɗe maɗaukin sauti ɗaya kaɗai, cikin biyun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar kaɗawarta. Wannan halin gidansu ne. Taka kwaikwayon Fender Jazz Bass ce, wadda ta fito a 1960, kuma kowane maɗaukinta yana jawo gunjin wutar gida, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a nan da can wurinku. In ka buɗe biyun duka sai su kashe na juna. Haka nake kaɗa ta yanzu.

Tsohon makunnin na ajiye maka a kwalin ashana. In ka samu mai tahowa, ka aiko mini da tsirkiya saiti ɗaya, ta huɗun ta fara tsatsa. Inna tana gaishe ka, ta ce ka yi nisan kiwo.

Naka har kullum,
Abokinka na Jos.