Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Texas, Greg Abbott: a sa mai shaida a cinikin bindiga

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni direban babbar mota ne, ina jigilar yashi zuwa rijiyoyin mai da ke kewayen Odessa da Midland, kuma a Odessa nake zaune da iyalina. Asalina mutumin ƙasar Katsina ne a Najeriya. Na rubuto da harshen da na tashi da shi don ’yan’uwana na Houston da Dallas da na can gida su zama shaida a kan abin da nake roƙonka.

Tun da farko bari in faɗa maka, ina da bindiga a gidana, kuma ba a kan ƙwace ta kowa na zo ba. Ranar da na sayi tawa, kanti na shiga. Mai kantin ya karɓi lasisina na tuƙi, ya dubi hoton, ya ɗago ya dube ni, sannan ya turo min fom mai lamba 4473. Na tsaya a gaban kanta ina amsawa: ko kotu ta taɓa samuna da babban laifi, ko an taɓa hukunta ni kan dukan iyali, ko ina ta’ammali da miyagun ƙwayoyi, ko kotu ta taɓa yanke cewa ina da taɓin hankali. Ya shigar da sunana a kwamfuta, ya tura wa NICS, wato rumbun binciken da hukumar FBI ke kula da shi tun 1998. Kofin da na shigo da shi bai huce ba amsa ta dawo cewa a ba ni. Ban ji an ci mutuncina ba ko kaɗan. Daɗi ma na ji, don na san wanda zai shigo bayana shi ma sai an tambaye shi.

Bayan ’yan watanni wani abokin aiki ya kira ni gefe a filin da muke ajiye motoci. Ya buɗe akwatin bayan motarsa, ya warware wani tsohon tawul, sai ga ƙaramar bindiga da kwanson harsashi biyu. Ya ce kuɗin haya ya taso masa, in ba shi dala ɗari huɗu. Na ce, “To, takarda fa?” Ya ce, “Wace takarda? Ka ba ni kuɗi, in ba ka kaya.” Na ce masa ina da tawa. Kafin a tashi aiki ranar ya sayar wa wani da ya gani a intanet, suka haɗu a gidan mai. Da na tambaye shi sunan mai sayen, sai ya ɗaga kafaɗa.

Na ɗauka laifi ya yi. Ashe ko kusa. Dokar tarayya, tun daga ta Brady ta 1993, a wuyan dila mai lasisi kaɗai ta rataya binciken mai saye. Wanda ba sana’arsa ba ce, ya fito da tasa ta gida zai sayar wa mazaunin jiharsu, ba a ce ya duba katin shaida ba, ba a ce ya rubuta komai ba. Abin da aka hana shi kawai shi ne ya miƙa wa wanda ya sani, ko yake da dalilin zaton, an haramta masa riƙe makami. Dokar Texas ma a kan sanin mai sayarwa ta dogara. Ka ga ke nan wanda bai tambaya ba ya fi wanda ya tambaya kwanciyar hankali, tunda abin da kunne bai ji ba ba a kama mutum da shi. Doka ce da ke koya wa mai kaya ya kame bakinsa ya ƙirga kuɗinsa.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da wannan ƙofa ta jawo mana. Ranar Asabar 31 ga Agusta 2019 ina kan hanyar dawowa daga kai kaya, uwargidana ta kira ni tana haki, ta ce kada in kusanci babban titin I-20, kada ma in shigo gari. Na faka a gefen hanya, na kashe inji, ina jin jiniya tana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma ta shigar da yara banɗaki ta kulle, ta kwantar da su a cikin bahon wanka. Wani mutum ne da aka sallama daga aiki a ranar, ’yan sandan jiha suka tsayar da shi saboda bai kunna sigina ba, ya buɗe musu wuta, ya ci gaba da harbin duk wanda ya gani tsakanin Midland da Odessa. Ya kashe ma’aikaciyar gidan waya ya ƙwace motarta. Kafin a harbe shi a kusa da gidan silima, ya kashe mutum 7, ciki har da yarinya ’yar shekara 15, ya jikkata fiye da 20, har da jaririya ’yar wata 17. Mako huɗu ke nan cif da harin El Paso, a nan Texas, inda wani ɗan bindiga ya kashe mutane da dama a kantin Walmart.

Abin da har yau yake tsaya min a rai shi ne, tsarin binciken mai sayen nan ya yi aikinsa. A 2014 mutumin ya shiga kanti zai sayi bindiga, aka bincika, aka hana shi, saboda kotu ta riga ta yanke hukunci a kan lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Sai ya koma ta bayan gida. A 2016 ya sami wani mutumin Lubbock da ke haɗa bindigogi yana tallarsu a intanet, ya saya ba tambaya. Daga baya kotun tarayya ta ɗaure mai sayarwar shekara 2, amma laifin da ya amsa shi ne cinikin makamai ba lasisi da ɓoye kuɗin shiga ga masu haraji. Da a ce bindigarsa ce ɗaya tal ya ciro daga ƙarƙashin gado ya sayar wa wannan mutumin, da babu mai tuhumarsa da komai.

Kwana biyu da harin kai da kanka ka sanar wa duniya cewa maharin ya taɓa faɗuwa a bincike, kuma bindigar da ya yi kisan da ita ba ta bi ta bincike ba. Ka ce dole a raba masu laifi da makamai. Mataimakinka Dan Patrick ya wuce nan, ya ce yana goyon bayan a riƙa bincike idan baƙo zai sayar wa baƙo, ko da ƙungiyar NRA mai kare haƙƙin masu bindiga za ta juya masa baya. Mu da muka je jana’izar maƙwabta mun ji, mun kuma riƙe. Amma da rahotonka kan matakan tsaro ya fito a watan Satumba, sai magana ta koma “in mai sayarwa ya ga dama.” Da majalisa ta zauna a 2021, ta yi dokar aika saƙon gargaɗi ta waya idan ana harbi, wadda aka sa wa sunan yarinyar nan tamu ’yar shekara 15, ta kuma mai da ƙarya a fom ɗin saye laifi a dokar jiha. Duk mun gode. Sai dai a zaman nan ne ka sa hannu a dokar da ta ba ɗan shekara 21 damar yawo da ƙaramar bindiga ba lasisi, ita kuwa ƙofar da maharin Odessa ya bi tana nan a buɗe yadda ya bar ta. Saƙon gargaɗi yana zuwa ne bayan an fara harbi. Dokar ƙarya a fom kuwa ba ta shafi wanda ba a miƙa wa fom ba.

Daga Washington ma an taɓa yunƙurawa. Bayan harin da aka kai makarantar firamare a garin Uvalde na jihar nan, Sanata John Cornyn na jihar nan yana cikin waɗanda suka jagoranci dokar 2022 da ta faɗaɗa ma’anar wanda za a kira ɗan kasuwar makamai. Da hukumar ATF mai kula da harkar makamai ta fito da ƙa’idar aiwatarwa a 2024, Texas ce ta kai ƙara, wani alƙali a Amarillo ya dakatar da ita a jihar nan. In hujjarku ita ce wannan ba hurumin tarayya ba ne, to na ji. Sai jiha ta ɗauki kayanta da kanta.

A garinmu, ranka ya daɗe, ko saniya ba a saye a hannun baƙo kai tsaye. In ka shiga kara ran kasuwa, dillali ne a tsakani. Shi ya san mai dabbar, shi zai tsaya in gobe wani ya zo ya ce tasa ce aka sace, kuma a kan haka ake ba shi la’ada. Ba wanda ya taɓa cewa dillali ya hana shi mallakar saniya. Nan Texas ma in na sayar da tsohuwar motata sai an canja sunan mai ita a takarda, ni kuma in sanar da hukuma don kada laifin wani ya hau kaina. Ban kuma zo da wannan magana daga nesa ba. Ƙauyukan da na yi wasa a cikinsu ina yaro, yau wasunsu kufai ne, saboda bindigogin da suka bi hannu zuwa hannu ba wanda ya tambayi mai karɓa ko shi wane ne. Ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, na sani, amma kukan uwa da na ji ta waya daga can shi na ji a Odessa.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Duk wanda zai sayar wa wanda ba ɗan’uwansa na kusa ba, su je wurin dila mai lasisi, mai saye ya cike fom ɗin da na cike, a biya dila ’yar la’adarsa, kowa ya kama gabansa. In mai sayen yana da lasisin ɗaukar bindiga na Texas, wanda dama a kanti ma yake wadatarwa ba sai an sake bincike ba, ya nuna shi, mai sayarwa ya tabbatar yana aiki, ya ajiye shaidar ciniki a gidansa. Uba ya ba ɗansa, kaka ya bar wa jikansa, abokai su ari ta juna a wurin farauta, a bar su. Colorado ta yi irin wannan doka tun 2013, New Mexico da muke iyaka da ita ta yi a 2019, kuma har yau mutanensu suna farauta, suna da bindigoginsu a gida.

Abokan aikina sukan ce min wannan dabara ce ta rubuta sunayen masu bindiga don a zo a ƙwace wata rana. Ba na raina tsoronsu. Amma dokar tarayya ta 1986 ta hana gwamnati buɗe irin wannan rajista, kuma bayanan wanda ya ci binciken NICS ana goge su cikin awa 24. In ana so, a rubuta wannan hani ƙarara a cikin dokar jiha, ni ne na farkon sa hannu. Sukan kuma ce ɓarawo ba ya bin doka. Gaskiya ne, amma ai ba da ɓarawo nake magana ba, da mai sayarwa nake, irin abokina mai tawul, mutumin kirki mai zuwa coci da ’ya’yansa, wanda da za a ce masa ga wanda ka miƙa wa, da barci ya ƙaurace masa. Shi zai bi doka, kuma in ya bi, wanda aka kora daga kanti sai ya nemi ɓarawo ɗan’uwansa, da tsada, da haɗarin faɗawa hannun ’yan sanda. Ba zan kuma yaudare ka ba: wannan doka da ba ta hana Uvalde ba, don wancan yaron a kanti ya saya, ya kuma ci bincike. Amma da ta tare na Odessa a karo na biyu kamar yadda kanti ya tare shi a karon farko.

Majalisar Texas sau ɗaya take zama a shekara biyu, kwana 140 kacal, kuma a cikin kwana 60 na farko abin da gwamna ya ayyana na gaggawa ne ke samun hanya. Wannan alƙalami a hannunka yake. Ina roƙonka, a zama mai zuwa, ka sa binciken mai saye a cinikin baƙo da baƙo cikin abubuwan gaggawarka, ka kira Dan Patrick ka tuna masa maganarsa ta 2019. In an buɗe sauraron jama’a a Austin, zan ajiye mota in zo, in kuma roƙi abokina ya biyo ni ya faɗi yadda cinikinsa na gidan mai ya kasance.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani direban babbar mota, mazaunin Odessa, Texas