Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayen gidanmu da suka koya mana sana'a, da 'yan uwa masu gyaran kwamfuta na Wuse da Garki da Nyanya da Kubwa, ga bayanin abin da muka yi a wannan shekara.

Zaman wata-wata bai yanke ba, in ban da na azumi da muka ɗage zuwa bayan sallah. Kuɗin wata ya shigo, kodayake akwai waɗanda ake bi bashi, ma'aji zai karanto lissafinsa da bakinsa. Mun je ta'aziyyar mahaifin ɗaya daga cikinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, mun kuma haɗa wa wani ɗan uwa gudummawa bayan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone masa kayan aiki.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne batun canjin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a laftof. Yawancin ƙarar da kwastomomi suka kawo gaban kwamitin sulhu a kansa ne, kuma dole in faɗi gaskiya, laifin namu ne fiye da nasu.

Wadda ta buɗe mana ido ita ce ta wata ɗaliba. Ta kawo kwamfuta mai furosesan Pentium, wani ɗan uwanmu ya cire ya sa mata Core i5, ta tashi lafiya lau a shago, ta biya ta tafi. Washegari sai ga ta, wai tana cikin rubutun furojet sai kwamfutar ta ɗauke ɗif. Aka canza fanka, aka sake shafa man sanyaya, aka gwada wata caja, duk a banza. Da maganar ta zo zamanmu, wani dattijo daga cikinmu ya kwance agogon hannunsa ya ajiye kusa da kwamfutar, ya ce kowa ya zuba ido. Minti 30 na cika ta mutu. Ya kunna, wani minti 30 ta sake mutuwa. Sai ya ce a duba cifset, wato na'urar da ke haɗa furosesa da sauran sassan kwamfuta. HM70 ne, wanda aka yi shi don Pentium da Celeron kawai, in an ɗora masa Core yakan kashe kansa bayan rabin awa. Da HM76 ne ko HM77 da babu wannan matsala. An mayar wa yarinyar tsohon furosesanta da kuɗinta, an ba ta haƙuri.

Daga nan muka ware Asabar ɗin ƙarshen wata don koyar da yaran shago, har da wasu manyan da suka zo suka zauna a benci ɗaya da almajiransu, abin da ya burge ni ƙwarai. Darasin farko shi ne sanin wadda ake iya canza wa da wadda ba a iyawa. Furosesan Intel na ƙarni na 2 da ya fito a 2011, da na 3 na 2012, suna zama a soket (gurbin da ake dasa furosesa) G2, na ƙarni na 4 na 2013 kuma a G3. Waɗannan yawanci su ne masu harafin M ko QM ko MQ a ƙarshen lamba, ana juya sukuru ɗaya su fito. Mai U ko HQ a manne yake da dalma a jikin madabod, wato babban allon kwamfuta. Daga ƙarni na 5 zuwa yau kuwa, kusan duk laftof haka take. Ko suna ɗaya ba ya wadatarwa: ThinkPad T430 tana da soket, T430s da X230 ba su da shi. Haka G1 da G2, kowanne ƙafa 988 gare shi, amma na wannan ba ya aiki a wancan.

Sai batun zafi, wanda a Abuja ba abin wasa ba ne. Kwamfutar da aka ƙera don i5-3320M mai wat 35, in ka ɗora mata i7-3630QM mai wat 45, za ta tashi, amma bari watan Maris ya zo, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe mata fanka, sai ka ji tana huci tana rage gudu da kanta. Mai son furosesa mai ƙwaƙwalwa huɗu (core huɗu) ya nemi i7-3632QM ko 3612QM, su wat 35 ne. A kuma tabbatar BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya san furosesan kafin a saya.

A kan haka ƙungiya ta yanke cewa ba wanda zai karɓi kuɗin canjin furosesa sai ya buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, a gaban mai kaya, ya nuna masa soket da cifset, kuma bayan aiki ya bar kwamfutar a kunne tana aiki fiye da awa ɗaya kafin ta fita daga shago. Masu karɓar aikin ɗaga furosesan da ke manne da injin iska mai zafi kuwa, mun ja musu kunne. Bod nawa aka kashe ta wannan hanya?

Ni a nawa ganin, mafi yawan masu cewa kwamfutarsu na tafiyar hawainiya ba furosesa suke bukata ba. A cire tsohon hadis (hard disk, rumbun ajiyar bayanai) a sa SSD, irin rumbun da ya fi sauri, a ƙara RAM, ma'ajiyar wucin gadi, a lura cewa ƙarni na 4 RAM irin DDR3L yake so. Ribar ta fi ƙanƙanta, na sani, amma mutumin zai dawo da ɗan uwansa. Kuma tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane na ta zuwa a canza musu furosesa don su hau Windows 11. A gaya musu gaskiya: a ƙa'ida sai ƙarni na 8 zuwa sama da na'urar tsaro ta TPM 2.0, babu i7 ɗin da za ka sa wa T430 ya kai ta can.

Abin da bai kammala ba shi ne takardar jadawalin samfuran da muka fi gani a kasuwa da furosesan da kowanne ke ɗauka. Wakilan Wuse da Garki sun kawo nasu, muna jiran Nyanya da Kubwa. Don Allah a miƙo wa mataimakina kafin zaman farko na sabuwar shekara, domin mu buga mu raba wa kowane shago.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya