Amsa ga Malamin da ya ce wuƙarmu abinci take nema

Malam, bayan gaisuwa.

A taron masu kiwo ka miƙe ka jefo mini tambaya, har da tafi aka yi maka. Ka ce tunda homon halitta ce a jikin dabba, ta yaya za ta jawo ciwon daji, ko kuwa mu likitocin dabbobi ne muka ƙirƙiro zancen don a riƙa kawo mana karnuka muna fiɗiya muna cika aljihu? Ranar lokaci ya ƙure. Farkon tambayar taka ta mai neman sani ce. Ƙarshenta kuwa zagi ne, kuma na ji shi, bayan shekara ashirin da ɗoriya ina wannan aiki.

Homon saƙo ne da jini ke kai wa gaɓoɓi. Duk lokacin da karya ta shiga neman barbara, homon istirojin da furojestiron da ke fitowa daga ƙwanta sai su umarci ƙwayoyin halittar nono su yi ta rarrabuwa. A kowace rarrabuwa ana iya samun kuskure, homon kuma ba ruwansa da wadda ta lalace da lafiyayya, duka yake ingizawa. Sau da yawa wutar daga wani wuri take tashi, shi dai fifita ta yake yi, shekara bayan shekara.

Ba ni na fara faɗa ba. A 1896 George Beatson ya ba da rahoton cewa ya cire ƙwan wata mata mai sankarar nono a Gilasgo ta Sikotland, ƙarin ya ja baya. A 1932 Antoine Lacassagne a Faransa ya yi wa ɓeraye maza allurar istirojin, suka kamu da sankarar nono. Charles Huggins da karnuka ya fara bincikensa kan tasirin homon a kan furostet (wata gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara) a Shikago, har ya kai shi ga lambar Nobel a 1966. Su ma duk kuɗin fiɗiyar karyarka suka hango?

Binciken da aka buga a 1969 daga Kalifoniya ya nuna karyar da aka cire wa ƙwai kafin nemanta na farko haɗarinta kashi 0.5 ne cikin 100 na wadda ba a taɓa ba. Bayan nema ɗaya ya koma kashi 8, bayan na biyu kashi 26. Kusan rabin ƙarin nonon karya mugu ne, wato sankara. A kyanwa abin ya fi muni, fiye da kashi 80 cikin 100.

Bari in ba ka makami da hannuna, tunda ba ka neme shi ba. A 2012 masu bincike a Ingila sun sake duba waɗannan alƙaluma na fiɗiya suka ce hujjar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. An kuma ga cewa fiɗiya da wuri tana da alaƙa da sankarar ƙashi a manyan karnuka irin Rottweiler, sannan ba ta tsare kare daga sankarar furostet. Shi ya sa ba kowace dabba nake cewa a yanka ba. Ka taɓa ganin ɗan kasuwa yana kushe hajarsa haka?

Batun kuɗi kuwa, yi lissafi. Fiɗiyar ƙaramar karya aiki ne na ƙasa da awa guda. Kwanaki aka kwantar mini da wata mai shekara tara, nonuwanta biyu na baya, kusa da cinya, sun yi tauri kamar an cusa tsakuwa a ƙarƙashin fata, ɗaya ya fashe yana wari. Sai da na yanke jerin nonon gefe guda tun daga ƙirji, ɗinki ya fi tsawon hannuna. Da aljihu nake yi wa aiki, ai shiru ya fi mini riba, in jira irin wannan.

Zancenka na cewa abincin gwangwani ne ke kawo komai, ƙiba tana da nata hannun, iyakarta ke nan.

Ban so in taɓo cewa ƙwiƙwiyo kake sayarwa ba, kuma duk karyar da aka fiɗiye ta fita daga lissafinka. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne mai waccan karyar shekaru ya yi yana sayen allurar hana barbara yana yi mata da kansa. Allurar nan furojestiron ce ta roba, tana sa nonon karya ya riƙa fitar da homon girma, ƙari ya samu taki. Masu sayar da ita ba takarda ba tambaya, ban ji ka miƙe a taro ka tuhume su ba. Sai abu ya fashe a kwaso mana, in dabba ta mutu a ce likita ne.

Ranar Talata zan cire wa wani tsohon kare ƙari a gefen dubura, irin wanda testostiron, homon maza, ke rainawa, wanda yakan motse bayan fiɗiya. Ka zo da ƙarfe tara, akwai safar hannu daidai kai.

Naka,
Likitan da ka tambaya