Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan abin da ba ya kawo ƙuri'a: tarihin siyasar birnin nan, wanda kullum ake binne wani yanki nasa tare da dattawanmu.

Duk ɗan siyasar da ya hau duro a Kano sai ya ce shi almajirin Malam Aminu ne. To amma a tsayar da ɗan sakandare a Gwammaja, kusa da gidan Mambayya, a tambaye shi su wa suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950. Da wuya ya kawo sunan Abba Maikwaru ko Bello Ijumu ko Mudi Sipikin. Bai san cewa a zamanin En'e faɗin kalmar Sawaba kaɗai kan iya kai mutum gaban alƙali, daga nan sai bulala ko gidan yari ba. Ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ba. Akwai wani tsoho a layinmu da ke ajiye da katinsa na jam'iyya mai alamar tauraro, naɗe cikin leda a ƙasan akwatin ƙarfe, tawadar ta kusa gogewa. Idan ya fara ba da labarin yadda 'yan Mahaukata, 'yan bangar jam'iyyar NPC mai hamayya da NEPU, ke tarwatsa lacca, har waƙoƙin yake rerawa. Babu wanda ya taɓa kai masa rikoda.

Tarihin sarakuna ya yi sa'a. Muna da Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi, muna da Gidan Makama, kowa kuma ya ji yadda Turawa suka ci garin a 1903 zamanin Sarki Alu. Ita ma ganuwar da Gijimasu ya fara ana ta yanka ta fuloti-fuloti, amma wannan kukan wasu sun riga ni yin sa. Na talaka ne ba shi da mai riƙo: yadda aka yi ta gwagwarmaya da haraji da jangali har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su da jam'iyyar PRP ta karɓi mulki a 1979, yadda jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, da abin da ya faru ranar 10 ga Yuli 1981, da aka ƙona gine-ginen gwamnati aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, bayan takardar tuhumar da aka aika wa Sarki Ado Bayero.

Ranka ya daɗe, a nan nake son ka ɗan dakata. An raba Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya da gadonsa a 1963, ya tafi Azare. Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu, Sabo Bakin Zuwo ya rushe su a 1983. A 2019 aka sake ƙirƙirowa, a 2020 aka cire Sarki Muhammadu Sanusi na biyu, a 2024 aka soke dokar da ta ƙirƙiro masarautun. Ba na nufin yanke hukunci kan wanda ke da gaskiya. Abin da ke damuna shi ne duk sanda rigimar ta taso, matasa a Facebook sai su ɗauka yau aka fara, kowa ya ƙago tarihin da ya dace da ubangidansa, domin takardun da za su raba gardama ba sa hannun jama'a. Rahotannin kwamitocin bincike na 1981 da na rikicin Maitatsine a 1980 ya kamata a ce ɗalibi na iya karanta su a wayarsa.

Roƙona bai fi kuɗin gada ɗaya ba. A tura matasa masu ilimin tarihi unguwa-unguwa, Fagge, Sabon Gari, Ƙoƙi, Yakasai, su naɗi muryoyin waɗanda suka rage, har da matan da suka yi NEPU a bayan Hajiya Gambo Sawaba, da 'yan NPC ma, don su ma suna da nasu bayanin. A tattaro tsofaffin kwafen jaridun Triumph da Albishir da Alfijir ta ajami, da kaset-kaset na Rediyo Kano, a ɗauke su a kwamfuta kafin gara ta gama da su.

Sai dai kada a rataya wa aikin sunan kowane gwamna ko launin hular kowa. Mun san halinmu: wanda ya zo yakan yi watsi da abin da ya tarar, ko ya sake masa suna. A kai ƙudiri Majalisar Dokoki, a damƙa ajiyar a hannun Jami'ar Bayero tare da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, a ware mata kaso a kasafin kuɗi na kowace shekara. A kuma fara da dattawan da suka haura tamanin, cikin wannan shekarar.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan Fagge, Kano