Ciyawar ruwa ce ke zaɓa maka jigi da jelarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da samarin da suka fara kamun kifi da koton roba a tafkunan Lagdo da Maga na arewacin Kamaru da bakin kogin Binuwai, har zuwa kogin Logon da tafkin Cadi. Da yawansu sun ga ana jefa jigi a bidiyon waya, sun kashe sefa sun sayo, sun jefa cikin ciyawa sau biyar ya maƙale sau biyar, sai suka yanke hukunci cewa abin na Turawa ne, ba ya aiki a ruwanmu. Wannan hukunci yana damun mu, domin jigin da suka saya ne bai dace da wurin da suka jefa shi ba.

Jigi ƙugiya ce guda da aka zuba wa dalma a kai, aka ɗaura mata gezar roba, aka kafa mata wani ɗan tsintsiyar gashin leda a gaban tsini domin kare ta daga ciyawa. Jela kuwa ita ce robar nan mai taushi da ake soka wa ƙugiyar ta baya. An ƙera yawancinsu ne domin kifin bas na Amurka, wanda ke laɓewa cikin ciyawa yana zuƙe abincinsa gaba ɗaya. Babu bas a ruwanmu, amma giwan ruwa matsakaici da tufi haka suke farauta, shi ya sa dabarar take ci a nan. Sai dai mafi girman bas da aka taɓa rubutawa kilo 10 ne da ɗoriya, giwan ruwa kuwa yana iya haura kilo 100. Ƙugiyar da aka yi domin na farko za ta iya miƙewa a bakin na biyu.

A fara da kai, domin nan ne aka fi yin kuskure. Kai mai zagaye kamar ƙwallo, ko mai faɗi a kwance kamar ƙwai, na gindin dutse ne da tsakuwa. Yana da amfani a wuraren duwatsu na Lagdo, amma cikin burgu sai ya kwaso ciyawa kamar manjagara. Na ciyawa shi ne mai tsini kamar harsashi, wanda ƙofar ɗaura zarensa take a kan hanci, ba a bisa ƙeya ba. Idan ƙofar tana bisa, tsakaninta da hancin akwai lungu, a nan ganye yake sarƙewa. Idan tana kan hanci, zare da kai sun zama layi ɗaya, sai jigin ya raba ciyawa ya wuce. A shafa kan da yatsa kafin a biya kuɗi, duk inda yatsa ya ji tudu ko kaifi, ciyawa ma za ta ji.

Nauyi a kwalin da oza ake rubuta shi. 3/8 wajen giram 10 ne, 1/2 giram 14, 3/4 giram 21, oza guda giram 28. A ciyawa mai tsirara wadda ruwanta bai wuce mita ɗaya da rabi ba, inda za a riƙa jan jigin yana iyo, giram 10 ya isa. A bakin burgu ko tsakanin ganyen bado, inda ake jefa shi cikin 'yan ramukan ruwa, giram 14 ne gwani, kuma wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, wannan ya saya. Kainuwa idan ta yi shimfiɗa ta rufe ruwa, sai giram 21 zuwa 28, ko fiye, domin sai ya huda ta kafin ya isa inda kifin yake. Mai sauƙi zai zauna a kanta kamar ɗan tsako. Mai nauyi fiye da kima kuma a ruwa maras zurfi yana nutsewa cikin taɓo kafin kifi ya gan shi.

Gashin kariyar nan, don Allah a daina yanke shi. Wasu suna ganin shi ne ke hana kifi kamuwa, sai su sa almakashi su gajarta shi. Gashi idan ya gajarta ƙara tauri yake yi, kifi ya ciza ya kasa danne shi. Idan ya yi tauri, a rage yawan silin, a cire uku ko huɗu daga gindi, a bar tsawon ya ɗan wuce tsinin ƙugiya. Sannan a baje shi da yatsa ya buɗe kamar mafici, ya kare tsinin ta gefe da gefe. Gwajinsa mai sauƙi ne: a danna da babban yatsa, in ya kwanta ba tare da an yi ƙarfi ba, ya kuma tashi da kansa, ya yi. Ciyawa mai laushi ba ta son gashi mai tauri. Rassa da saiwar itace su ne ke bukatarsa.

Ƙugiya ta zama mai kauri, lamba 4/0 ko 5/0. A ja tsininta a kan farce, in ta zame ba ta kama ba, a wasa ta. Geza kuma a datse ta ta tsaya kamar faɗin yatsa ɗaya bayan lanƙwasar ƙugiya. In ta yi tsawo tana rufe jela ta hana ta motsi, kifi kuma ya riƙa cizon geza yana barin ƙarfe.

Yanzu jela, wadda a ganinmu ita ce rabin aikin. Yawancin waɗanda ake shigo da su an yi su ne da siffar wani ƙwaron ruwa mai ƙahonni biyu kamar na kunama, wanda bas ke ci a Amurka. Babu shi a kogin Binuwai ko na Shari. Kifinmu abin da ya sani shi ne 'ya'yan karfasa da ƙawara da kwaɗi. Saboda haka jelar da ta fi dacewa da giwan ruwa ita ce mai siffar ɗan kifi, mai wutsiya kamar filafili, tsawon santimita 8 zuwa 10, wadda ke kaɗawa idan ana ja. Mai ƙafa biyu masu faɗi ba a yar da ita ba, domin a idon tufi kwaɗo ce, kuma tana riƙe jigi a saman ruwa idan ana ja a hankali bisa ciyawa. Amma idan huda kainuwa za a yi, duka biyun ba su dace ba. Ƙafafu da filafili suna riƙe ganye su hana nutsewa. Nan sai siririyar jela gajera, maras rassa.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne jela ce ke sarrafa saurin nutsewa. Jigi ɗaya mai giram 14, da jela mai faɗi zai sauka a hankali, da siririya zai faɗi kamar dutse. A watannin hunturu, Disamba da Janairu, ruwa ya yi sanyi kifi ba ya son gudu, sai a sa wadda ke sauka a hankali ba tare da yawan kaɗawa ba. A bazara, ko lokacin da ruwa ya fara hawa ciyawa, mai kaɗawa da ƙarfi ta fi kira. Kafin a canza jigi, a fara canza jela, ya fi arha.

Sanya ta yana da ƙa'ida. A ɗora jelar a gefen ƙugiya a ga inda tsinin zai fito, a riƙe wurin da farce. A soka daga tsakiyar kanta daidai, a tura ta bi ƙarfen, a fito da tsini a wurin da aka auna, a tura har ta hau ƙayar da ke riƙe ta. In ta karkace ko ta tattare, jigin zai riƙa juyawa yana murɗe zare, ya kuma kwanta ta gefen da gashi ba ya karewa, sai maƙalewa. In ta yi tsawo, a yanke daga kai, kada a taɓa wutsiya. Ɗigon gam mai kamawa nan take a gindin dalma yana hana ciyawa zame ta.

Launi bai kai abin da ake ba shi na muhimmanci ba. Ruwan damina mai laka, baƙi ko baƙi da shuɗi, domin inuwarsa kifi ke gani. Ruwan rani da ya kwanta, kore mai duhu kamar bayan karfasa, ko fari. Jela ta bi launin geza.

Zare kuwa, kitsattse ne na ciyawa, mai ɗaukar kilo 23 zuwa 30. Ba ya miƙewa, kuma yana yanka ganye, alhali na leda yana naɗewa a jiki. A ƙara guntun zaren leda mai kaurin milimita 0.70 ko 0.80, kamar rabin mita, domin marfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi. Inda tsage yake, sai waya santimita 15 zuwa 20, in ba haka ba haƙoransa za su tafi da jigin a cizo ɗaya. Sanda ta zama mai ƙarfi, mita 2 da ɗan wani abu. Cizo sau da yawa lokacin da jigi ke sauka yake zuwa: zare ya ɗan zabura, ko ya yi gefe, ko ka ji nauyi kamar tsumma. A ɗaga sanda da ƙarfi sau ɗaya, a ɗago kan kifin sama nan da nan. In aka ba shi daƙiƙa biyu ya shiga gindin burgu, sai an shiga da jirgi. In jigi ya ɗan kama ciyawa kuma, a fizge shi da gajeren fizga, kada a ja a hankali, sau da yawa a wannan fizgar kifi ke kai hari.

Zafin Maris da Afrilu yana cin kayan nan. Jela da aka bari a rana cikin jirgi narkewa take, zoben robar da ke riƙe geza kuma ya tsage ta zube. A ɗaure gezar da siririyar wayar tagulla tun tana sabuwa, a bar kowace jela cikin ledarta, domin wasu nau'o'in roba suna narkar da juna in sun haɗu. Masu zuba dalmar birgi za su iya zuba kan jigi, amma a fili inda iska ke kaɗawa, a gwangwanin da ba za a ƙara dafa abinci a ciki ba, kuma nesa da yara, domin dalma guba ce.

Muna kuma roƙon samari su tuna cewa ciyawar nan ita ce gidan renon giwan ruwa. Wanda bai kai tsawon kamu biyu ba a cire masa ƙugiya a mayar da shi, jigi a leɓe yake kamawa, kifin zai rayu. A kiyaye hutun kamun kifi da hukuma ke sanyawa a damina, kuma a sabon wuri a tambayi sarkin ruwa inda dorina ke kwana kafin a tura jirgi cikin burgu.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wasu masunta daga Garwa, Jamhuriyar Kamaru