Ramar karen Buzaye ba ta yunwa ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana da samarin Zariya da suka shiga yayin kiwon manyan karnuka, musamman dogon karen nan na Buzaye da ake kira Azawak, sunan kwarin da ya fito tsakanin Mali da Nijar.

Makon jiya wani yaron unguwarmu ya tare ni bayan La'asar, ya ce, "Baba, zo ka duba mini karena, kuɗi nake ta zubawa amma ya ƙi ƙiba." Na tarar da shi ɗaure da sarƙar da ba ta kai taku uku ba, kan siminti, gabansa kwano maƙil da ƙanzo da mai. Ni da na shekara talatin ina bin 'yan farauta daga bayan Kufena har dazukan Giwa, sai da raina ya ɓaci.

Haka Allah Ya yi karen nan. Namijinsa kan kai santimita 70 daga ƙasa zuwa kafaɗa, amma da wuya nauyinsa ya haura kilo 25. Haƙarƙari a fili, ƙashin ƙugu a waje, ciki a ɗame, ƙirji mai zurfi: lafiyarsa ke nan. Barewa da zomo yake kora, kuma da ido yake farauta, hanci bai dame shi ba. Motsi kaɗan zai hango daga nesa ka neme shi ka rasa. Shi ya sa ba a sakinsa cikin unguwa, don akuyar maƙwabci da kajinsa duk nama ne a wurinsa, kuma rigimar da za ta biyo baya sai gaban mai unguwa. Amma ɗaurin dindindin ma zalunci ne. Kullum yana son fili ya zuba gudu har ya gaji, in ya rasa sai ya koma haƙa rami da kuka cikin dare.

A raba masa abinci sau biyu, tuwo da ɗan nama ko kifi, ban da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa. Kada a fita da shi gudu da cikakken ciki, domin karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu kan murɗe, kafin gari ya waye an rasa su. Zafin bazara bai cika damunsa ba, hunturunmu ne abokin gabarsa, tunda ba gashi ba kitse. Tsohon bargo ko buhu a lungun da iska ba ta bugawa ya wadatar. Da damina a riƙa duba kaska cikin kunne da tsakanin yatsu.

Allurar haukan kare kuwa ba wasa: yana wata 3 a yi masa, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru, ba sai an nemi mai allurar bakin kasuwa ba.

Ba ya sakin jiki da baƙo, kuma in ka dake shi sau ɗaya ya daɗe bai yarda da kai ba. Yaron nan dai na sa ya kwance sarƙar, na ce ya same ni da shi a fadamar Kubanni bayan Asuba. Kwana huɗu ke nan muna fita, har yanzu tambayata yake yaushe zai yi ƙiba.

Naka,
Wani tsohon mafarauci,
Ƙofar Gayan, Zariya.